Shekarar da Aka Karanta Sunana a Rediyo

Kabiru ne ya sa na zauna rubuta wannan babi, ko da yake shi bai sani ba. Ya zo gaishe ni wata Juma'a, aka kawo mana abinci, na ga yana ta juya cokali ba ya ci. Da na matsa masa sai ya ce wani dattijo a wurin aikinsu ya tambaye shi ko shi ɗan Injiniya Sa'idu ne, wanda aka kora daga aiki zamanin soja saboda cin hanci. Ya ce ya rasa amsar da zai bayar, don ba mu taɓa zaunar da ku mun ba ku labarin ba. Gaskiyarsa ne. Mahaifiyarku ba ta son a tayar da maganar, ni kuma na ɗauka duk wanda ya san ni ya san abin da ya faru. Yanzu waɗanda suka sani sun kusa ƙarewa. To, ga yadda aka yi.

Bayan an rarraba Arewa jiha-jiha, an ari ma'aikata daga Kaduna zuwa sababbin jihohi, ni ma aka tura ni ɗaya daga cikinsu a matsayin injiniyan ruwa. Ba zan faɗi sunan jihar ba, ba kuma zan faɗi sunan Gwamnanta ba. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma ya bar 'ya'ya kamar yadda zan bar ku. Soja ne, matashi, mai zafin nama da zafin rai. Ya yi aiki, wannan ba mai ƙwace masa. Akwai garuruwan da ba su taɓa ganin famfo ba sai a zamaninsa, kuma na sha ganinsa ya tuɓe takalmi ya shiga taɓo tare da leburori. Amma ba ya son a ce masa a'a. Wani rani mai tsanani muna da injin haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya tak mai lafiya, an riga an yi wa wani ƙauye alkawarinsa, mutanen da matansu ke kwana a hanyar neman ruwa. Sai umarni ya zo a karkatar da injin zuwa gonar Gwamna. Na tashi a wurin taro, gaban kwamishinoni, na ce ranka ya daɗe, a bari mu gama da ƙauyen tukuna. Gwamna ya cire tabarau ya dube ni.

"Injiniya, kai ne Gwamna ko ni?"

Kafin mako ya zagayo an mayar da ni Kaduna. Injin ya tafi gona. Ni kuma aka ba ni tebur a wani ofis da ba a kawo masa aiki, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni, waɗanda na koya wa aiki suka zama shugabannina. Aka ba mu gidan gwamnati a Malali, mai shingen darbejiya da ɗan fili a baya inda mahaifiyarku, Rakiya, take shuka alayyafo. Inna, mahaifiyata, tana tare da mu. Hadiza ta fara zuwa makaranta, Amina tana tatata. Ina fita da safe in dawo da yamma kamar kowane ma'aikaci, amma duk ranar da na ji an ambaci sunan mutumin nan a labarai, abinci ba ya yi mini daɗi.

Ana haka aka yi juyin mulki. Aka sauke gwamnoni gaba ɗaya, aka kafa kwamitocin binciken dukiyarsu, aka shiga sallamar ma'aikata ba ji ba gani. Kullum da rana mutane su taru gindin rediyo su ji wa aka kora yau. Wasu sun cancanta, kowa ya sani. Wasu kuwa wani ne kawai ya tuna da tsohuwar gaba ya kai sunansu.

Wata Asabar bayan la'asar farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Alhaji Tanimu ne. Ya taɓa riƙe muƙamin kwamishinan ayyuka a ƙarƙashin Gwamnan, har ranar da Gwamnan ya tsige shi a bainar jama'a, a wurin bikin buɗe wata gada, yana tsaye da babbar rigarsa. Yanzu iska ta juya, yana da masu jin maganarsa a cikin sababbin masu mulki. Na shigar da shi falo, Rakiya ta aiko da ruwa da goro. Ya tambayi lafiyar Inna, ya yaba shingen gidan, sannan ya gyara zama.

"Injiniya, ni da kai ciwonmu ɗaya. Kwamitin zai zauna a nan Kaduna, kuma za a kira ka. Maganar injin da ya kai gonarsa, ka faɗe ta yadda take."

Na ce wannan ba wuya, a gabana aka yi.

"To sai maganar bututun ruwan babban birnin jihar. An biya kuɗinsu, ba a gan su ba. Ka ce ka ji da kunnenka ya ba da umarni a sayar da su a ƙetaren iyaka."

Na ce masa har na baro jihar bututun nan ba su iso ba, abin da na sani suna cikin jirgi a tashar Legas, inda kaya suka cunkushe a lokacin. Ban ji wani umarni ba. Ya yi murmushi kamar mai lallashin yaro.

"Gona kaɗai ba za ta ɗaure shi ba, ƙwace ta kawai za a yi. Bututu ne za su kai shi kurkuku. Kai kowa ya san ka da gaskiya, in ka faɗa an gama. Kujerar babban injiniya tana nan babu kowa a kai." Ya miƙe yana gyara hula. A bakin ƙofa ya juyo. "Ka kuma san yadda ake sallamar mutane yanzu. Sunan kowa yana iya shiga. Ka yi tunanin iyalinka."

Gidanmu ba babba ba ne, duk abin da aka faɗa a falo an ji shi a tsakar gida. Ina shiga na tarar Inna ta ajiye carbi a cinya tana jirana. Ita ba ta taɓa yafe wa Gwamnan ba. A wurinta shi ne mutumin da ya mayar da autanta abin tausayi, kuma tun ranar da aka sauke shi take cewa addu'arta ce ta ci.

"Auta, Allah ne ya kawo maka shi har gida. Mutumin da ya hana talakawa ruwa, me ba zai iya ba? Ko bai sayar da waɗannan ba, ya sayar da wasu."

Na ce Inna, rantsuwa za a ba ni da Alƙur'ani.

"To shi da ya wulaƙanta ka, da me ya rantse?"

Rakiya tana bakin murhu, cikin Kabiru ya tsufa, tana fifita wuta. Mace ce da ba ta sa baki in Inna na magana. Sai da Inna ta shiga ɗaki sannan ta zo ta zauna kusa da ni a kan tabarma, da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu. Na ɗauka za ta yi mini maganar gida da haihuwa da makarantar Hadiza, don ni ma su ne a raina. Ta daɗe tana kallon alayyafonta.

"Malam, tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ban san inda za mu je ba in an karɓe gidan nan. Amma in ka faɗi abin da ba ka ji ba, aka ɗaure mutum, kujerar nan kullum za ka zauna a kanta, kuma ni zan riƙa dafa abin da ta kawo. Ban san ko zan iya ci ba."

Maƙwabcinmu ta bayan shinge Malam Bulus ne, mutumin kudancin Kaduna, makanikin injinan ruwa a ma'aikatarmu, saura kaɗan ya yi ritaya. Matarsa Saratu, wadda kuka sani da Maman Yohanna, nas ce a asibitin haihuwa. Mun saba ni da shi mu tsaya hira ta saman shinge, shi yana wanke tsohon babur ɗinsa. Washegari da ya dawo daga coci na ba shi labari. Ya saurara yana goge hannu da tsumma.

"Oga, ni ban iya shawara ba. Amma ina da ɗan gini a Rafin Guza, ɗaki biyu, na yi rufi ban sa silin ba. Ban ce za a kore ka ba. Na dai ce ginin yana nan."

Ranar zaman kwamiti na sa farar kaftani na tafi. Zauren ya cika maƙil, 'yan jarida a gaba, Alhaji Tanimu da mutanensa a layi na biyu. Da aka shigo da Gwamnan ban gane shi nan da nan ba. Ban taɓa ganinsa ba kaki ba. Yana cikin wata shuɗiyar riga da ta yi masa yawa, ya rame, gashin kansa ya fara fari. Na yi zaton zan ji daɗi in na gan shi a haka. Amma ban ji ba. Na yi alwala, aka ba ni Alƙur'ani na rantse. Lauyan kwamiti ya tambaye ni batun injin, na faɗa duka, har sunan ƙauyen, har maganar da Gwamnan ya yi mini a gaban kwamishinoni. Na faɗa cewa ƙauyen nan bai sami rijiya ba a ranin, kuma yara sun yi ciwon ciki saboda ruwan kududdufi. Ban rage masa komai ba. Ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba. Zauren ya ɗauki guna-guni, alƙalin da ke shugabantar zaman ya buga tebur.

Sai lauyan ya juya takarda.

"Ka taɓa jin Gwamna ya ba da umarni a sayar da bututun ruwan babban birni?"

"Ban taɓa ji ba."

"Ka yi tunani da kyau, Injiniya. Mutumin nan ya cuce ka."

"Ya cuce ni, ranka ya daɗe, na kuma faɗi yadda ya yi. Wannan ban ji ba, ban gani ba. A aika Legas a duba tashar jirgi."

Ya sake tambayar ta wata fuska, na sake ba shi amsar. Na ji ƙarar kujera a bayana, Alhaji Tanimu ne ya tashi ya fita, mutanensa suka bi shi. A lokacin ne Gwamnan ya ɗago ya dube ni. Ban san me ke cikin kallon ba, ban kuma tsaya nema ba. Da na fito, 'yan uwansa da ke bakin ƙofa suka kawar da kai, don na tona asirin ɗan'uwansu. Mutanen Alhaji Tanimu kuwa ɗaya ya tofar da yawu kusa da takalmina. Na hau tasi na koma Malali ba ni da kowa a ɓangarorin biyu.

Ba a daɗe ba. Muna cin abincin rana wata Laraba, rediyo na kan taga, mai karanta labarai ya ce ga sunayen ma'aikatan da aka yi wa ritaya nan take saboda rashin ƙwazo, ko tsufa, ko almundahana. Bai bambance wa ya yi me ba, haka ya jero mu. Sunana ya zo tsakanin wani da na san ya gina gidaje da kuɗin gwamnati da wani dattijo da laifinsa kawai ciwon ido. Hadiza ta yi tsalle.

"Baba, an faɗi sunanka a rediyo!"

Inna ta ture kwanonta, ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana da kwanaki ba ta yi mini magana ba bayan amsa gaisuwa. Wannan ya fi korar yi mini ciwo. Abokan aiki da muke sallar Juma'a tare suka koma in sun hango ni sai su tsallaka titi, ba don ƙiyayya ba, kowa yana tsoron a gan shi da wanda aka kora. Aka ba mu ɗan wa'adi mu bar gida.

Malam Bulus ya samo akori-kura. Maman Yohanna ta ɗauki hutu ta zo ta naɗe tukwane da zannuwa, ta hana Rakiya ɗaga ko da bokiti. Muka sauka Rafin Guza ana yayyafi. Unguwa ce a cunkushe, lungu-lungu, teloli da maƙera da masu facin taya, kowa da kowa a haɗe. Ɗakunan ba silin, in ruwa ya sauka a kan kwano sai mun ɗaga murya. Inna ta tsaya a tsakar gidan ta dubi katangar langa-langa, sannan ta dube ni. Na ba Malam Bulus haƙuri cewa ban san yaushe zan fara biyan haya ba. Ya ce in na sake ta da maganar zai kai ni ƙara wurin matarsa.

Safiya ta farko na ga abin da ya tsaya mini a rai. Mata da 'yan mata suna hawowa daga rafi da tuluna da garewani, ruwan ja kamar kunun kanwa, shi za a sha, shi za a yi girki. Akwai tsohuwar rijiya a bayan masallacin unguwa da ta rufta, an rufe bakinta da ƙaya. Na yi shekara da shekaru ina zana taswirar ruwan manyan birane, ga shi ƙofar gidana ba ruwan sha. Ba ni da ofis, ba ni da abin yi, zama kuma yana neman kashe ni. Na je wurin liman da mai unguwa na ce in za a ba ni hannu zan gyara ta. Suka dube ni da ɗan shakku, don labarina ya riga ni isowa. Wani tela ya ce a gabana, ba da mugunta ba, wai shin ba ni ne na rediyo ba? Na ce ni ne. Ya ce to, ai rijiya ba ta da abin sata, a bar shi ya gwada. Aka yi dariya, har da ni.

Muka yashe ta, muka ɗaure ta da siminti daga ƙasa har sama. Malam Bulus yana tasowa daga aiki ya zo da babur ɗinsa, ya samo wani mataccen famfon hannu a wurin 'yan gwangwan ya tayar da shi. Maƙera suka ƙera mana abin da ya ɓace. Ni da na saba tsayawa a bakin rami ina nuni da yatsa, na shiga ciki da gajeren wando, tafin hannuna ya yi kanta. Ranar da ruwa ya fito fari tas, wata tsohuwa ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta yi guɗa. Kafin wata ya ƙare mutanen unguwar Kurmin Mashi sun aiko a zo a duba tasu, su kuma da biya. Daga nan ne kamfanin da ya yi muku makaranta ya samo asali, ni da Malam Bulus, rabi da rabi, har ya bar duniya.

Inna ta sauko a hankali. Wata rana na dawo jikina duk laka, na tarar ta ɗora mini ruwan wanka da kanta. Tana miƙo mini soso ta ce, ba tare da ta dube ni ba, matan unguwa sun ce ita ce uwar mai rijiya. Daga ranar ta koma kirana Auta.

A cikin wannan ne sakamakon kwamiti ya fito. An sami Gwamnan da laifi a kan gona, aka ƙwace ta, aka kore shi daga soja. Bututu kuwa an same su a Legas, suna nan a jibge ba wanda ya taɓa. Ba a ɗaure shi ba. Ni ba wanda ya dawo ya karanta sunana a rediyo ya ce an yi kuskure, har yau. Alhaji Tanimu ya ci gaba da harkokinsa, mun haɗu a jana'iza sau da yawa bayan haka, muna gaisawa.

Maman Yohanna ce ta karɓi haihuwar Kabiru a ɗakin nan mara silin. Da suna ya matso na ce wa Rakiya mu yi shi a taƙaice, don ban ga wanda zai zo sunan ɗan korarre ba. Na sayi ɗan ƙaramin rago da goro kaɗan, na aro tabarma biyu. Da sassafe, kafin liman ya iso, wata tsohuwar mota ta tsaya a bakin lungu. Wani dattijon direba ya fito yana jan ƙaton rago fari. Na gane shi, shi ke tuƙa Gwamnan tun muna can. Ya durƙusa muka gaisa.

"Maigida ya ji an yi maka ƙaruwa. Ya ce a kawo wannan. Ya kuma ce in faɗa maka da bakina, abin da ka faɗa a kansa gaskiya ne, na farkon da na biyun, na inji da na bututu. Ya ce na farkon ya fi yi masa amfani."

Na tsaya ina kallon ragon. Ya fi nawa sau biyu, kuma Allah ya sani muna bukata. Na ce ya mayar masa da shi, ya ce na gode, na karɓi saƙon, amma ban yi shaida don a ba ni komai ba, kada wani ya ga ragon nan a ƙofata ya ce ga ladan. Na ce ya gaya masa ni na yafe nawa, sauran yana wurin mutanen ƙauyen nan. Direban ya ce zai faɗa masa haka, kalma da kalma. Na ba shi goro ya tafi. Daga baya na ji Gwamnan ya je ƙauyen da ƙafarsa, amma wannan ba a gabana aka yi ba.

Ina juyowa na ga lungun ya fara cika. Liman da mai unguwa, telan nan da maƙera, masu facin taya da hannayensu baƙi, mutanen Kurmin Mashi a kan kekuna. Matan cocin su Maman Yohanna sun kafa manyan tukwane a gidan maƙwabta tun ban sani ba, kowace ta zo da mudun shinkafarta. Can baya na hango mutum uku daga tsohon ofishinmu, sun zo a ƙafa, sun bar motocinsu nesa, amma dai sun zo. Mutane suna tsaye jingine da katanga, wasu sun cire takalmi sun zauna a kai. Sai ga Inna ta leƙo daga ƙofar gida, jaririn a hannunta, ta dubi taron daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Auta, me kake tsaye kana kallo? Aika a ƙaro tabarmi."